Taswirar Ambaliya a Kudancin Kaduna: Wa Ya Kamata Ya Ja Layin?

Kowace shekara kafin damina ta kankama, hukumar NiMet takan fitar da hasashen ruwan sama, sannan NIHSA, mai auna ruwan koguna, ta biyo baya da nata hasashen na ambaliya. A 2024 NIHSA ta lissafa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 da ta ce suna cikin babban haɗari. A 2025 ta ƙara matsowa kusa da ƙasa, ta ambaci garuruwa da ƙauyuka 1,249 a ƙananan hukumomi 176. Wannan ci gaba ne, ba a musu. Sai dai mai shago a Kasuwan Magani, ko ɗan haya a wata unguwa ta gangare a Kafanchan, ba sunan ƙaramar hukumarsa yake son ji ba. Abin da yake tambaya shi ne ko ruwan zai iso bakin ƙofarsa, in kuma ya iso cikin dare ta wace hanya zai fitar da yara.

Ba a samun wannan amsa sai an yi nazari unguwa-unguwa, an auna tudu da kwari, an bi magudanan ruwa, an zana taswira mai nuna inda ruwa zai kwanta. A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce nazari irin wannan aikin masana ne, a bar injiniyoyi da masu safiyo su yi abinsu, in sun gama a sanar da jama'a. Wasu kuma sun ce duk nazarin da aka yi ba tare da mutanen wurin ba, tun daga ranar farko har ranar sa hannu, takarda ce kawai za ta ƙare a durowar ofis.

Kudancin Kaduna ba ta da teku, kuma ambaliyarta ba irin ta Lakwaja ba ce, wadda ake ganin tahowarta kwana da kwanaki bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Nan ruwan sama ne mai yawa, ya sauka kan duwatsun Kagoro da gefen tsaunukan Filato, ya gangaro da gudu. Wani ya bi ta magangarar ruwan Matsirga, wani ya bi rafukan ƙasar Kajuru zuwa Kogin Kaduna. Rafin da yaro ya tsallaka da la'asar yana iya cin gada kafin asuba, hantsi kuma ya tarar ya janye kamar ba a yi ba. Haka mutanen Kafanchan suka gani a Satumban 2024, lokacin da ruwa ya shiga gidaje ya raba iyalai da muhallinsu.

Hujjar masu son a shigo da jama'a daga wannan yanayi ta taso. Suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lissafin da injiniya zai ɗora wa kwamfuta yana buƙatar tarihin ruwa na shekaru masu yawa, alhali ƙananan rafukanmu akasarinsu ba su da ma'auni ko ɗaya a bakinsu. Tauraron ɗan Adam na iya ɗaukar hoton ruwan da ya kwanta mako guda a Kogi ko Bayelsa, amma wanda ya zo ƙarfe biyun dare ya tafi kafin gari ya waye, sai dai a ji labarinsa. Tarihin yana nan a jikin bango da bakin mutane. Tsohuwa za ta nuna maka inda ruwa ya tsaya a katangarta, ta ce shekarar da aka aurar da wance ce. Mai gyaran babur a bakin kwalbati ya san ranar da bola ta toshe shi. Makiyayi ya san mashayar da ƙasarta ta fara zaftarewa, don shi ne ke bi ta nan kullum.

Abin da ya faru a Mokwa ta Jihar Neja ranar 29 ga Mayun 2025 ya ƙara wa wannan hujja nauyi. Ruwa ya share unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, an tabbatar da mutuwar mutum fiye da 150, ban da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Rahotanni da dama sun nuna cewa ruwa ya taru ne a bayan tudun ƙasar da aka ɗora layin dogo a kai, har tudun ya kasa riƙe shi. Hasashen da aka yi daga Abuja ba zai hango irin wannan ba, amma wanda gonarsa ke gefen wurin yana iya ganin ruwa na taruwa. Kafanchan kuwa garin jirgin ƙasa ne tun 1927, mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna da na Jos. Ko kwalbatocin da ke ƙarƙashin waɗannan tsofaffin layuka suna wuce da ruwa yadda ya kamata, maƙwabtansu ne za su fara sani. Haka nan a Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumban 2024, dattawan gari ba baƙon abu suka gani ba, domin sun ga irinsa a 1994, sun kuma san unguwannin da ruwa ya bi a wancan karo.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan zurfi, wadda ba ta tsaya kan sanin wuri kaɗai ba. Masani yana ƙirga ambaliya a matsayin ɓarna. Manomin fadama kuwa yana kallon wani sashe nata a matsayin taki da laima, wanda noman raninsa ya dogara da su. Da aka kammala madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, fadamun da ke ƙasa da ita suka rasa ruwan da ke malalo musu duk shekara, waɗanda aka tayar kuma suka yi ta jiran diyya. Ƙarshenta manoma suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Har yau ana jayayya kan adadin waɗanda suka mutu. Injiniyoyin ba su kasa gina madatsa ba, tana nan tsaye. Abin da ba a yi ba shi ne tambayar mutanen kwarin mene ne riba mene ne asara a wajensu. Wannan tambaya ba ta da amsa a cikin na'urar awo.

Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin Pickering, wani ƙaramin gari a arewacin Ingila da ruwa ya ci sau huɗu tsakanin 1999 da 2007. Katangar kankare da aka tsara masa ba ta samu kuɗi ba. Sai wasu malaman jami'o'in Oxford da Durham suka zauna da mutanen gari, ba don su yi musu lacca ba, sai don su yi lissafin tare. Daga wannan zama aka ƙarfafa shawarar rage wa ruwa gudu tun daga sama, da ƙananan shingayen itace a rafuka da wurin da zai ɗan tsaya kafin ya iso gari. A Disambar 2015 ruwa ya yi ɓarna a sassa da dama na arewacin Ingila, Pickering ya tsira. Ko da yake masana sun yi gardama kan ko aikin ne ya cece shi ko ruwan ne bai sauka da yawa a kansa ba, ba wanda ya musanta cewa shawarar ta fi araha, kuma mutanen gari sun riƙe ta a matsayin tasu.

To, sai dai ɗaya ɓangaren ma ba maganar wofi suke yi ba, kuma a ganina masu kiran a shigo da jama'a sun cika saurin wuce ta.

Sun ce shaidar mutum tana bin maslaharsa. A ɗauki magidancin da ya gina gida a bakin rafi da guminsa na shekara ashirin. In jami'an hukumomin agajin gaggawa na KADSEMA ko NEMA suka zo rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafi, ruwa ya kai masa har taga. In kuma masu taswira suka zo, ya ji ƙishin-ƙishin cewa duk gidan da ya faɗa cikin jan layi hukumar tsara birane ta KASUPDA na iya shafa masa jan fenti, to ruwan bai taɓa wuce dokin ƙofa ba. Mutum ɗaya ne, gida ɗaya, shaida biyu, kuma ba maƙaryaci ba ne a sauran al'amuransa, tsoro ne da talauci. Wanda ya ga yadda aka yi ta kai ruwa rana da mazauna bakin Kogin Kaduna a cikin birni, irin su Kigo Road, tun bayan babbar ambaliyar 2003, ya san ba wanda ke ɗaga hannu ya ce a sa gidana cikin na tashi. Dillalin fili da mai unguwar da ya sa hannu a cinikin filin fadama su ma suna da dalilin so layin ya kauce.

Sun kuma ce tunanin ɗan Adam gajere ne. Injiniya yana tsara gada ne don ruwan da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara hamsin ko ɗari, wanda watakila ba wani mai rai da ya taɓa gani. Ƙasar ma ta sauya. Inda dā kurmi ne yana shanye ruwa, yau an sare an yi gawayi. Inda dā gona ce, yau kwanon rufi ne da siminti. Ga sauyin yanayi da ke sa ruwan mako guda ya sauka a dare ɗaya. Saboda haka dattijon da ya ce tun kakanni ruwa bai taɓa hawa nan ba, gaskiya ya faɗa, amma gaskiyarsa na iya kashe jikokinsa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600, kuma a duka biyun an ji mutane suna cewa ba su taɓa ganin ruwa a wurin ba.

Sannan wace ce jama'ar? Kowa ya san yadda taron masu ruwa da tsaki yake gudana a ƙasar nan. A kama zaure a otal, a jera hakimai da kansiloli da shugabannin ƙungiyoyi, a yi jawabai da Turanci, a ɗauki hoto, a raba kuɗin mota. Matar da ke kwashe ruwa da roba daga ɗakinta ba ta nan. 'Yan haya, waɗanda su ne suka fi zama a gidajen gangare saboda arha, ba su nan. Makiyaya ba su nan, haka waɗanda hare-hare suka koro daga ƙauyukan Kajuru suka raɓa a gefen gari. Dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta sa ana baje rahoto na kwanakin aiki 21 don jama'a su duba, amma rahoto ne mai kauri da Turancin masana, ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma. In wannan ake kira shigo da jama'a, in ji su, da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin illarsa ita ce gobe a ce ai da ku aka yi.

Ga kuma jinkiri. Bayan guguwar Sandy ta afka wa gabar gabashin Amurka a Oktoban 2012, rundunar injiniyoyin sojan ƙasar ta yi babban nazarin haɗarin ambaliyar teku, ta fitar da shi a Janairun 2015. Daga nan aka shiga na New York da New Jersey, aka yi ta tarurrukan jin ra'ayi, sai a 2022 aka fito da shawarar aikin kusan dala biliyan 52 mai ƙofofin tare ruwan teku, aka kuma tsawaita wa'adin karɓar koke saboda yawan masu ƙorafi. Shekara goma bayan guguwar, ana kan takarda. Gaskiya ba jin ra'ayi kaɗai ya jawo haka ba, don an ma dakatar da kuɗin nazarin a 2020, amma masu suka suna da bakin cewa idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Damina kuwa ba ta jiran a kammala taro. Ƙari a kan haka, ruwa ba ya ɓacewa, tura shi ake yi. Kowace unguwa za ta nemi a gina mata katanga, katangar kuma ta juya ruwan kan unguwar da ke ƙasa. Dole a samu wanda ke kallon rafin tun daga tushe har ƙarshe, wanda ba shi da gida a ko'ina a bakinsa.

Duk waɗannan hujjoji ana iya jin su a Haɗeja ko Maraɗi. Akwai kuma wadda ta kudancin Kaduna ce, kuma kowane ɓangare yana jan ta zuwa wajensa. A nan layi a kan taswira maganar ƙasa ce, maganar ƙasa kuwa ba ta rabuwa da maganar wane ne ɗan gida wane ne baƙo. Kasuwan Magani gari ne na Adara da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu, Kirista da Musulmi, kuma rikicin 18 ga Oktoban 2018 da ya ci rai 55 bai yi nisan da za a manta ba. Kafanchan ma ta ga nata a 1987 da 1999 da 2011. Bayan kowane rikici mutane sukan ƙaura su koma cikin nasu, har unguwanni su rabu bisa addini. Sakamakon haka, in aka ce unguwa kaza ce ke cikin kwari, sau da yawa an ambaci wata al'umma ke nan ba tare da an yi niyya ba.

Masu son a bar wa masana suka ce, to ka gani, a tara mutane irin waɗannan a ce su tattauna gidan wa za a tayar, ai kunna ashana ne. Ni kuwa a nan ne na rabu da su. Taswirar da aka zana a Kaduna, aka wayi gari aka ga jan fenti a bangon mutane, ba za a karanta ta a matsayin lissafin ruwa ba. Kafin la'asar labari ya zaga wayoyi cewa an shirya korar su wane ne don a ba su wane. Ko da lissafin ya yi daidai ɗari bisa ɗari, ba wanda zai yarda, kuma gargaɗin da ba a yarda da shi ba bai ceci kowa ba. Mutanen yankin nan kuma ba baƙin zama a teburi ɗaya ba ne. A Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jema'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Ba ta kashe wutar duka ba, amma ta nuna ana iya zama a kan abin da ya fi magudanar ruwa zafi.

Inda nake ganin ɓangarorin biyu suke saɓa wa juna ba dole ba shi ne sun haɗa tambayoyi biyu sun mai da su ɗaya. Ina ruwa zai kai? Wannan ba a kaɗa mata ƙuri'a. Mutane su ba da shaida, masu awo su gwada ta da tsayin ƙasa da alamar laka a bango da shaidar maƙwabta, abin da ya tabbata a rubuta ko ya yi wa hakimi daɗi ko bai yi ba. Me za a yi tun da an san inda zai kai? Wannan kuwa ba ta injiniya ba ce shi kaɗai. Ko a faɗaɗa kwalbati, ko a yashe rafi, ko a bar wata fadama ruwa ya riƙa kwanciya a cikinta, ko a ɗaga wasu gidaje, duk zaɓi ne tsakanin asarar wani da asarar wani, kuma waɗanda za su ɗauki asarar suna da haƙƙin a yi da su.

Hakan na nufin a bar zauren otal a taka ƙasa. A bi rafi da ƙafa cikin kwanakin da suka biyo bayan ambaliya, tun laka ba ta goge ba, tare da mutanen unguwar sama da ta ƙasa a tafiya ɗaya, don kowa ya ga abin da katangarsa za ta yi wa ɗan'uwansa. A zauna da mata daban, da 'yan haya daban, a je ruga a samu arɗo. Masu auna alamar ruwa kada su zama su ne masu rubuta sunayen tallafi, kada ma su zo rana ɗaya. A birnin Darussalam na Tanzaniya, tun 2015 ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka zana taswirar magudanan ruwa lungu-lungu a shirin Ramani Huria, da wayoyin hannu. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan mai koyar da ilimin muhalli, ɗalibansa kuma 'ya'yan unguwannin nan ne. Jihar ta shiga ƙawancen gwamnati a buɗe tun 2018, tana da tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunta don a sa a kasafin kuɗi, tana kuma cikin jihohin arewa 19 da shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, ya shafa. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Maganin jinkiri kuma wa'adi ne: a lika daftarin taswira a kasuwa da ƙofar coci da ta masallaci, a karanta bayaninta a rediyo da Hausa da harsunan yankin, a ba da wata guda ko biyu cikin rani, duk ƙorafin da aka kawo a amsa shi a fili, a ce an karɓa ko an ƙi da dalili, sannan a rufe.

Akwai wuri ɗaya da masu suka suka fi ni gaskiya, kuma ba tsarin taro da zai gyara shi. Muddin faɗin gaskiya game da ruwa na nufin mutum ya rasa gidansa ya koma titi, ba zai faɗa ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuma ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta darajar filin kansa ba. Mafi yawan gidajen bakin rafi ba su da takardar hukumar filaye ta KADGIS, takardar cinikin da mai unguwa ya shaida ce kawai a hannunsu, ɗan haya kuwa ba shi da ko wannan. In gwamnatin jiha na son shaidar gaskiya daga Kasuwan Magani ko Kafanchan, sai ta faɗa tun kafin a fara awo, a rubuce, abin da zai faru da wanda gidansa ya faɗa cikin layi: wane fili za a ba shi, a wane gefen gari, kusa da su wa, da kuma ko takardar mai unguwa za ta wadatar.